Ranar da Na Ja Tef a Gonar Kawu

Ni dillalin filaye ne a Boɗinga, kuma ba na iya zama wuri ɗaya. Rumfar da nake kira ofis tana bakin titi, benci ne da tebur, amma mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya fi ni zama a cikinta. Duk wanda ya zo nemana shi ke ce masa na fita, kuma bai taɓa yin ƙarya ba. Da safe ina Dingyaɗi ina duba gonar da magada ke son rabuwa da ita, da azahar ina Shagari ina nuna wa wani ma'aikaci kango. La'asar ta same ni a kan babur, waya a soke cikin hula, ina rantse wa wani cewa ruwa ba ya kwanciya a filin da damina.

Da igiya na koyi sana'ar. A kafa turke, a ja igiya, a kira mai unguwa da shaidu, a yi addu'a, a ba ni la'adata. Haka muka yi ta yi har masu saye suka canza hali. Wata rana wani saurayi da na girme wa nesa ba kusa ba ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga wayarsa sama, ya ce in ba shi lambobin kusurwa. Na ce kusurwa ga ta nan, ga dutse na ajiye. Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya shiga motarsa. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin tuwo. A ƙarshen watan na je birni na sa sunana a karatun Asabar da Lahadi da ake yi wa masu harkar gidaje da filaye.

Matata ta ce mutumin da ba ya iya zama a gama gaisawa da shi ne zai zauna a aji. Tana da gaskiya. Kujerar ajin ta yi mini kaɗan, malamin sa'an ƙanena ne, 'yan ajin kuma Baba suke ce mini. Ga shi Asabar ce ranar da ma'aikatan birni ke fitowa ganin fili, sai wayata ta yi ta zillo a aljihu ina jin ciniki na wuce ni. Duk da haka ina son karatun, ba zan ɓoye ba. A can na gane dalilin da ya sa ruwa ke zaɓar wani fili ya bar na kusa da shi. A can na san bambancin takardar da hakimi ke bayarwa da wadda gwamnati ke bayarwa, abin da na shekara da shekaru ina yi wa mutane bayaninsa da ƙarfin hali kawai. Ranar da na fara karanta taswira da kaina, a kan babur na dawo gida ina magana ni kaɗai.

Cikin rani malamin ya ba mu aiki. Kowa ya nemi fili, ya auna shi, ya zana shi a takarda da kusurwoyinsa. Ya ce ba ya son fuloti mai kusurwa huɗu da ko makaho zai zana, a nemo masa fili mai lanƙwasa. Nan take gonar Kawu ta faɗo mini.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Gonar tana bayan garin Shagari, tun daga bakin hanya ta miƙe ta lanƙwasa ta bi wani ɗan kwari, gamba ce iyakarta. Ta kakanmu ce, kuma tun da ya rasu ba a raba ta ba. Sauran 'ya'yan sun watse. Mahaifiyata aure ya kawo ta Boɗinga, ƙanensu yana kudu yana fataucin albasa, wani ya rasu ya bar 'ya'ya a birni. Kawu ne ya tsaya. Shi ke kai taki, shi ke noma, da kaka kuma ya aika wa kowane gida da damman gero. Ba wanda ya taɓa furta kalmar gado. Amma kowa yana gani gari na matsowa. Gidajen bulo sun zo har tsallaken hanya, kuma kowa ya san abin da hakan ke nufi ga gonar da ke bakin hanya. An dai yi shiru, Kawu yana nomansa.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar kalme, fartanyarsa ta noma. Na durƙusa na gaishe shi.

“Kawu, aiki anka ba mu makaranta. So nike in auna gonag ga in zana ta ga takarda. Malami ɗai za ni kai ma, ba kowa ba.”

Ya dube ni ya yi dariya. “Kai da hurhura ga gemu, hal yanzu makaranta? To tahi ka auna. Kak ka dai tattake min gamba.”

Ana bukatar mutum biyu a jan tef, sai na roƙi wani ɗan ajinmu. Ma'aikacin banki ne, mutumin kirki, ya ce zai zo mu yi nawa, in je mu yi nasa. Ya zo da farar motarsa, da shadda mai sheƙi, da baƙin tabarau. Muka faka a bakin hanya da hantsi, ranar kasuwa, hanya cike da masu jakuna da masu babura. Na kafa turaku, na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don mu hango shi daga nesa. Ya riƙe bakin tef, ni ina tafe ina kiran lamba. Lokaci-lokaci ya tsaya ya miƙa hannu yana nuna wani wuri, yana tambayata sunan itace. Ni kuwa daɗi ya cika ni, domin lambobin suna haɗuwa yadda malami ya ce za su haɗu.

Wani dattijo ya tsayar da jakinsa ya ce, “Sannunku da aiki. Allah shi sa albarka ga ciniki.”

Na ce, “Ba ciniki na ba, Baba. Karatu na.”

Ya ce, “To, to. Karatu.” Ya kaɗa jakinsa yana murmushi.

A lokacin ne na fara gane abin da mutane ke gani. A ƙasarmu ba a auna gona don nishaɗi. Ana ja mata igiya ne in za a sayar ko in za a raba gado. Ga dillali, ga tef, ga turaku, ga baƙo mai mota yana nuna hannu. Kuma dillali ba ya taɓa amsa cewa ciniki ake yi sai an gama, don kada wani ya shigo ya ɓata. Ni kaina na sha cewa “ba komai, wucewa muke yi” alhali mai saye yana tsaye a bayana. Duk wanda na ce wa karatu ne a ranar, sai ya gyaɗa kai irin na mun gane. Da na ƙara rantsuwa sai suka ƙara tabbata.

Labarin ya riga ni isa Boɗinga. Ina jingine babur na ji mahaifiyata tana kirana daga ɗakinta, da muryar da ta daina amfani da ita tun ina yaro.

“Mi nij ji? Kai ka ɗauki igiya zuwa gonab Baba?”

“Inna, aikin makaranta na. Kawu da kainai yab ba ni izni.”

“An ce ni nit tura ka. An ce rabona nika nema. Ni da ko damen gero ban taɓa ƙirgawa ba!”

Na nuna mata takardar da malamin ya rubuta aikin a kai. Ta ture hannuna, ta ce in je in nuna wa mutanen Shagari. Ta juya fuskarta bango, kuma ina jin tana kuka.

Washegari ƙanen Kawu ya bugo daga kudu. Bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce ashe haka ake yi, ana ganin mutum ya yi nisa sai a haɗa kai da ɗan 'yar'uwa a sayar da gonar ubansa. Na yi bayani har makogwarona ya bushe. Ya ce in karatu ne, me ya kawo ɗan banki? Na ce ɗan ajinmu ne. Ya ce ɗan banki a aji ɗaya da dillalin awon igiya, in nemi wanda zan faɗa wa wannan.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na je wajen mai gari na faɗi na yi gaisuwa, na yi bayani. Na je wajen liman. Na tsaya a tasha, na tsaya wajen masu nama, duk inda ake taro ina faɗin magana ɗaya kamar mai tallan magani. Na je na tumɓuke turakun da kaina na watsar. Da aka ga haka sai aka ce ciniki ya faɗa, an gama awo. In na zauna a aji hankalina yana Shagari, in na je Shagari ina tunanin darasin da ke wuce ni. Raina a ɓace yake da kowa, da mai jaki, da ɗan banki da tabaransa, da malamin da ya ƙi fuloti mai kusurwa huɗu. Na nemi izini, na yi abu a fili da rana tsaka, me kuma ake so in yi?

Abin da ya ƙarasa lalata zancen shi ne abokan sana'ata. Da suka ji gonar ta motsa sai suka yi mata caa. Wannan ya samo lambar na kudu, wancan ya bi 'ya'yan marigayi har birni, kowa yana faɗa musu abin da bakin hanyar zai yi in aka yanka shi fuloti-fuloti. Na san yadda ake yin wannan magana, domin ni ma na iya ta. Mutumin da ya shekara yana karɓar damman gero yana godiya, da zarar an raɗa masa farashi ya daina barci. Ko da daga baya wasunsu suka yarda cewa karatu ne ya kai ni, yardar ba ta da sauran amfani.

Aka yi taro a zauren Kawu. Na kudu ya zo, 'ya'yan marigayi suka zo, aka kawo mahaifiyata ta zauna daga ciki tana ji. Ni ina bakin ƙofa. Na kudu ya sauko daga fushinsa, ya yi magana a hankali, wadda ta fi fushin ciwo.

“Yaya, ba mu ce ka ci amana ba. Amma tunda hal an auna, magana ta hito hili, a raba. Kowa shi san nashi tun muna da rai, kad ɗiyanmu su yi hwaɗa bayanmu.”

Ba wanda zai ce ya faɗi abin da ba daidai ba. Haƙƙinsu ne, shari'a ta ba su. Aka juya ana duban Kawu. Yana zaune a kan buzunsa yana murza babban yatsan ƙafarsa. Sannan ya ce, “Allah shi sa haka ta hi zama alheri.” Ya tashi ya ce zai duba awaki.

Aka kira malamin da ke rabon gado, ya fitar wa kowa da kasonsa. Da aka zo batun awo sai aka ce ai ga mai ilimin abin a gida. Na ce ba zan yi ba, a nemo safiyo daga birni. Kawu ne ya aiko aka kira ni. Ya ce in baƙo ya zo zai yanka ta yadda ya ga dama, ni kuwa na san inda ruwa ke bi. Haka na koma gonar da tef ɗina, wannan karon da shaidu. Masu son sayarwa suka ɗauki bakin hanya. Kawu ya ɗauki baya, wajen kwari, inda ƙasar ta fi riƙe laima. Mahaifiyata ta ce a haɗa nata da nasa, ba ta son ko taƙi. Duk da haka, abin da ya rage masa mutum yana tsaye a wannan iyaka zai yi magana da na waccan ba tare da ya ɗaga murya ba.

A tsakanin nan na kai wa malami zanena. Ya yaba, ya ɗaga shi a gaban aji ya ce a dubi aikin Baba, ya manna shi a bango. Na canza kujera na koma inda ba zan riƙa ganinsa ba.

Kuma ni na sayar da bakin hanyar. Na san yadda wannan ke sauka a kunne. Da na ƙi, wani zai karɓa ya kawo mai gidan mai ko mai injin niƙa, su toshe wa Kawu hanyar shiga gonarsa. Na zaɓi wani ma'aikaci da ya kusa ajiye aiki, mai sanyin hali, yana son ya gina gida da shaguna a gaba. Na fitar wa Kawu da hanyar da amalanke zai bi, na sa aka rubuta ta. Aka dasa siminti a kusurwoyi. Na ce wa kaina an gama, na koma zirga-zirgata tsakanin Boɗinga da birni, jarrabawa tana matsowa. Na rage zuwa gaishe da Kawu, ina cewa karatu ne ya riƙe ni.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka ko'ina. Bayan 'yan makonni, ina cikin aji ranar Asabar, wayata ta dame ni har na fita. Mai filin ne.

“Malam, wa ya shuka gero a filina?”

Ban koma ajin ba. Na bar littattafaina a kan kujera na hau babur. Tun daga nesa na hango gonar kore shar, layi-layi, daga kwari har bakin hanya, yadda take kowace shekara. Simintin kusurwa yana nan a tsakiyar shuka, an bi ta gefensa an wuce. Kawu yana can cikin filin mutumin, a sunkuye, yana cire ciyawa.

“Kawu, wanga wuri an sai da shi. Kana nan anka yi.”

“Na sani.”

“To mi yas sa?”

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. “Ruwa yas sauka da asuba, nif fito da iri. Nig gama nawa rana ba ta ko ɗaga ba, ga iri ya ragu ga ƙwarya. In koma gida in yi mi? Ƙasa jiƙe, ba kowa bisa.” Ya dubi shukar. “Ai ba a tumɓuke shuka. Shi bari a yi girbi, in ba shi rabonai, shi yi gininai.”

Haka ne a wajenmu. Ko gonar aro ce, ko rigima ake a kanta, in dai iri ya tsiro ana jira a girbe. Da wannan na je wa mai filin har gidansa a birni. Na cire hula na roƙe shi. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya riga ya sallami magina, siminti kullum tashi yake yi, kuma gidan gwamnatin da yake ciki za a karɓe da zarar ya ajiye aiki. In ya jira kaka, ina zai kai iyalinsa? Ni ne kuwa na tabbatar masa cewa filin ba shi da wata matsala. Ya ce tipar yashi za ta zo jibi da safe, ya yi haƙuri, ni ma in ba dattijon haƙuri.

Na koma na faɗa wa Kawu. Ya ce to.

Ranar na riga tipar zuwa, amma Kawu ya riga ni. An yi ruwa a daren, ƙasa ta yi laushi. Yana tsugune a bakin hanya da 'yar fartanya, yana tono tsiron gero ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsa, yana zubawa a gaban rigarsa da ya naɗe. Dashe zai yi. Na cire takalmi na shiga, na kama wani layin. Hannuna ya manta aikin, ina ta tsinka saiwa, shi kuwa ko ɗaya bai tsinka ba. Muna cikin haka tipar ta iso, ta juya baya ta tsaya a bakin shuka, injin yana ruri. Direban ya leƙo ya gaishe mu, ya ce yana da sauran sawu a gabansa.

Rigar Kawu ta cika. Ya miƙe a hankali, ya rungume ta, ya nufi baya. Na bi shi da nawa a hannu. Muka wuce simintin, muka shiga nasa. Sai ya tsaya. Gonarsa a cike take, kowane rami da tsironsa, layi na bin layi har kwari. Ya taka zuwa wannan gefe ya duba, ya dawo wancan ya duba. Ya leƙa gindin gamba.

Na ce, “Kawu, ina za mu sa su?”

Direban ya danna ham. Kawu yana tsaye da tsiron a ƙirjinsa, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana zubo masa a kan ƙafa. Bai waiwayo ba ya ce mini, “Tahi ka ce mai shi juye.”